Kwana Tara

Tun Satumba Arvid ke kan bishiya,
baka a hannu, dajin Wisconsin nasa ne,
barewa ba ta koyi tsoro ba tukuna.

Ni injin katako ya cinye kafaɗata.
Tsirkiya ta fi ƙarfina.
Sai Nuwamba, da bindigar mahaifina:
kwana tara, yatsu a sandare,
mu dubu cikin riguna ruwan goro,
dabba duk ta shige fadama.

Ya ce, "Kibiya sai taku ashirin,
harsashinka daga tsallaken kogi yake sallama."
Gaskiyarsa.
Amma mai rubuta dokar
bai taɓa kwana da kafaɗata ba.

Jiya Arvid ya ajiye mini cinya a ƙofa.
Na soya, na ci.
Haushin yana nan.