Riga Ba Wuya

Mahasin ta dawo hutu daga Madani
da jaka cike da takardu da ƙurar mota.
Na ce, me ake koya muku a jami'ar nan
da zai ƙara wa tela ciniki?
Ta yi dariya, ta zauna kan bandir ɗin yadi.

Ta ce, Baba, masu nazarin halin ɗan Adam
sun lura da yaran gidan abinci.
Kwanon da ba a biya ba yana nan daram a kansu,
wa ya ci me, wa ya nemi ƙarin miya.
Da kuɗi ya shiga aljihu, shi ke nan,
tambaye su, sai susar ƙeya.
Wai aikin da aka gama yakan saki mai shi,
wanda aka bari a rabi
shi ke riƙe masa gefen riga.

Na ce, ai Kaltum mai shayi ta riga su sani.
Kofi bakwai take bin direban raksha
tun kafin kogi ya kawo ruwa bara,
amma tambaye ta wa ya biya da safen nan.
Muka yi dariya har zare ya tsinke.

Da dare kuwa dariyar ta tafi ta bar ni.
Mai Wurno ta yi tsit, sai kwaɗi a bakin Nilu.
Ƙarƙashin kekena akwai leda baƙa,
shekara uku ban buɗe ba,
kullum ƙafata tana taɓa ta.

Jallabiyar Tanimu ce.
Ya zo da kuɗin audugarsa a ƙulle,
ya tsaya na gwada shi yana tsokanata
wai almakashina ya girmi kakarsa.
Na yanka, na haɗa hannu, na sa aljihu,
saura wuya.
Na ce masa, dawo Alhamis.
Laraba muka kai shi makwanci.

Riguna nawa na ɗinka tun ranar?
Ɗari tara ko dubu, ban riƙe ko ɗaya ba.
Amma tashe ni tsakar dare ka tambaya:
tsawo hamsin da shida,
kafaɗa sha tara.

Da safe na faɗa wa Mahasin, ina kallon allura.
Ba ta yi mini wa'azi ba.
Ta ce, akwai sauran binciken, Baba.
Sun ce ko ba ka gama yau ba,
in ka sa wa aikin rana da lokaci, ka rubuta,
zuciya takan sassauta igiya.
Ta miƙo mini allin da nake zana yadi.

Na rubuta a bango da ajami mai karkata:
Asabar, bayan la'asar, wuyan Tanimu.
Daren nan na yi barci har ladan ya maimaita.

Asabar ta zo. Yadin ya ɗan yi ja a ninki.
Na wanke, na goge, na zauna.
Aikin da bai kai shan shayi biyu ba
shi na ɗauka a ka shekara uku.

Na aika a kira Siddiƙ, ɗansa na fari.
Ya sa. Kafaɗa ta zauna cif.
Tsawon ne na naɗe yatsa biyu.
Ya juya zai fita, na ga bayan ubansa,
sai na duƙa kamar mai neman maɓalli.

Mahasin ta ce, to ka huta ke nan.
Na ce, na huta.

Abin da ban gaya mata ba,
don kada ta kai wa malamanta:
can cikin aljihun dama, inda ido ba ya kai,
na bar faɗin yatsa ban ɗinke ba.