Garwa Biyu

Garin sunansa Garwa,
abin da ke kafaɗata ma garwa,
ɗaya gaba, ɗaya baya, sanda a tsakani.
Shekara goma sha tara ke nan ina tafe a tsakiyarsu.

Ranar da na fara shiga Unguwar Kanya
gida huɗu na tarar,
da itacen da ya ba ta suna,
sai gonar masakwa har inda ido ya gaji.
Dattijo Hamajoda na ɗaure maruƙansa a gindin kanyar,
matar Jonwe na banda kifin Binuwai,
hayaƙin na yi mana sallama tun daga nesa.
Kowa ya san tarin kowa.

Sai masu awo suka zo da igiya da jan fenti,
suka dasa ƴan duwatsun siminti kamar masu shuka,
abin kuwa ya tsira.

Bulo ba ya tashi da ƙishi.
Ku tambayi kowane bango a layin nan
wa ya shayar da shi tun yana rarrafe.
Benen Alhaji Ɗanladi, mai koren gilashi,
na ƙirga abin da ya sha har lissafi ya ɓace mini.
Yashin ajin farko na makaranta ni na jiƙa,
yau ɗana Ilu na ciki,
yana dawowa da Faransanci a baki
yana gyara mini yadda nake faɗin sunan titinmu.

An sare kanyar shekarar da aka kawo wuta,
wai ta tare wa waya hanya.
Sunan ya zauna, inuwar ta tafi.
A gurbinta akwai mai cajin waya, da mai aski,
da firjin da ake sayar da ƙanƙara,
da ƴan babur suna faɗa a kan fasinja ɗaya.
Kwalta ta zo har ƙofar kantin magani ta tsaya
kamar baƙuwar da ta ji nauyin shiga ciki.
Daga nan zuwa ɗakina damina ke sarauta.

Bana aka ja famfo.
Na ga ramin, na ga baƙin bututu
ya miƙe kamar kumurcin da ya ƙoshi.
Ranar buɗewa mata suka rangaɗa guɗa,
Ladidi mai ƙosai ta wanke fuska sau uku.
Ni ma na tafa. To me zan yi?
Na tara hannu na sha,
kuma da daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba.

Mako uku ba bakin da ya kira sunana.
Na rataye garewanin a bayan ɗaki,
ƙadangare ya tare a cikin ɗaya, bai biya haya ba.
Kantar kafaɗata ta fara laushi,
na riƙa shafa ta da dare kamar ta wani.

Sai ran wata Alhamis famfo ya yi tari,
ya yi tari, ya tofo iska, ya yi shiru.
Kafin kiran assalatu aka buga ƙyaurena,
yarinyar gidan bene ce da bokiti:
"Baba Tanko, an ce ko kana nan?"

Ina nan.
Na zazzage ƙadangaren, na ba shi haƙuri.
Dala biyar garwa, ban ƙara ko sisi ba,
ko da yake shaiɗan ya raɗa mini.

Na san ruwan zai dawo, gobe ko jibi,
wata rana kuma ya dawo ya zauna.
Ilu ya ce in huta, shi zai zama mai gyaran famfo.
Allah ya sa.

Amma jiya da la'asar, na haye tudun bayan rafi,
na hango masu awo da igiyarsu.
Gida uku, na huɗu ana haƙa masa tushe,
wani mutum tsaye kan tulin yashi busasshe
ya kare rana da hannu
yana duban hanya.