Kututture Arba'in da Ɗaya

A Sinnar suka tara mu kwana uku,
mu goma sha bakwai, malaman ƙauye.
Na samu littafi ɗaya
da lambar Ustaza Ramla:
"In abu ya cije, ki kira ni."

Na koma Mai Wurno.
Alli ya ƙare,
sai na kai aji bakin Nilu.
Na ce su ƙirga kututture.
Arba'in da ɗaya,
inda bagaruwa ke tsaye bara.

Ɗanliti ya ɗaga hannu:
"Malama, babana ya sare su.
Da kuɗin gawayin ya sayo min takalmin nan."

Littafin bai ce komai kan takalmi ba.

Da dare na kira Ustaza.
Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke.
"Ni ma da gawayi na dafa shayina.
Kada ki kunyata yaron.
Ba shi iri, ba shi gwangwani."

Yau gwangwani talatin ne a gindin taga.
Sha biyu sun tsiro.
Na Ɗanliti shiru tukuna,
amma da asuba na hango babansa
a tsugune, yana tsiyaya masa ragowar ruwan buta.