Ba Ya Komawa Baya

A Bilbis, bayan masu faci,
Arzika na da teburi mai ƙafa uku,
ta huɗun bulo ce.
Ni ke riƙe masa cocila.

Kaset mai hanya takwas,
ƙato kamar sabulun wanki,
ya girmi uwata.
Babu kusa a jikinsa,
da bakin wuƙa ake lallashinsa ya buɗe.

Yau Nomau ya zo,
tsohon direban Barliye
da ya ci hanyar Arlit tun ba ta san kwalta ba.
Ya zaro nasa daga aljihun gaba, cikin hankici.
"Tun shekarar fari bai ce uffan ba."

Arzika ya buɗe.
Soson ciki ya zama gari
kamar ƙuliƙulin da ya kwana a aljihun yaro.
Ƴar tayar roba ta narke, ta bi yatsa.
Ya goge da alkol, auduga a kan tsinken ashana,
ya yanko sabon matashi daga tsohuwar dara,
ya ɓare takardar azurfa ta kwalin sigari
ya liƙa a mahaɗa.
Ita ke gaya wa inji: sauya hanya.

Zaren kuwa daga cibiya yake fita,
ya zaga, ya dawo ya kwanta a bayan kansa,
kai da wutsiya a haɗe.
In ya cije, a shafa masa bakin fensir.
In ka fizga, ya zubo maka a cinya
kamar hanjin akuya.
Na taɓa yi.
Kwana biyu Arzika bai amsa gaisuwata ba.

La'asar sakaliya muka jona batirin mota.
Shuuu, kamar ruwa a kan kwano,
sai gurmi,
sai muryar wata mace daga can ƙasan rijiya
tana hawowa.
Masu faci suka aje guduma.

Ana tsakiyar baiti, ƙwas!
Inji ya sauya hanya, ya haɗiye kalma biyu.
Nomau ya buga cinya:
"Nan ne! Kullum nan yake tuntuɓe.
Illa, yaron motata, shi ke cike gurbin
da muryarsa ta jaki,
daidai gangaren Abalak."
Bai faɗi inda Illa yake ba.
Ba mu tambaya ba.

"Mai da shi baya kaɗan."
Arzika na goge wuƙa a gwiwar wando.
"Wannan ba ya komawa baya, Nomau.
Sai dai ka jira ya zagayo."
"Har yaushe?"
"Hanya huɗu. Kafin magariba."

Ya cire takalmi, ya gyara zama a kan taya,
ya ba ni dala ashirin in sayo gawayi da shayi.
Ina dawowa na tarar yana motsa leɓe,
yana gwada kalmomin nan biyu
a hankali,
don kada su zo su same shi bai shirya ba.