Injin da Ba Ya Tada Jariri

Bango ɗaya ne tsakanina da ɗakin Zenabu,
a Aboabo, inda ko tari ka yi sai maƙwabci ya ce sannu.
Jaririnta bai yi arba'in ba.
To ina ni ina inji mai ruri?

Na sha yawo a Magazin ɗin Suame,
takalmina ya ƙoshi da baƙin mai.
Wani sabo fil, fenti sai ƙyalli,
da aka kunna shi sai da haƙorana suka amsa.
Wani kuma ƙugunsa rawa yake, kamar mai zazzaɓi.

Sai tsoho Agyekum ya yaye buhu a lungu:
ɗan ƙarami, koɗaɗɗe, nauyi kamar bashi.
Ya kafa ƙwandalar sidi a bayansa, a tsaye,
ya murɗa.
Ƙarfe na juyawa, ƙwandala ko rusunawa ba ta yi ba.
Tagulla na zubar da gashinta, siriri, a nannaɗe.

Ban taya ba. Kunya ta hana.

Daren jiya ina fiƙe sandar keken ɗinki har sha biyu.
Da safe Zenabu, tana shanya, ta ce,
"Malam Issaka, injin naka bai iso ba ne?"