Awon Gajiya

A High Wycombe, bayan tashar jirgin ƙasa,
akwai wata rumfa mai ƙanshin katako da danƙo
inda Maureen Tibbett ta shekara arba'in da ɗaya
tana ƙera kujeru.
Nan na yi damina biyu, ko da yake a ƙasar nan
wa ya san inda damina take tsayawa?

Ranar farko na zo da zane-zanena a jaka,
kujeru masu yanga, ƙafafu kamar na zalɓe.
Ta duba, ta kife su a kan benci,
ta ɗora musu kofin shayinta.
"Sabi'u," ta ce, sunan yana karyewa a bakinta,
"ɗauko rigar ruwanka. Ba a fara kujera a takarda."

Muka je tashar bas muka tsaya.
Ba mu hau komai ba.
Da haɓa take nuna min:
ga ma'aikaciyar jinya da ta kwana a tsaye,
ta zube kan ƙarfe mai sanyi, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka;
ga dattijo yana laluben abin dafawa
tun bai yi niyyar tashi ba;
ga yaro, ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba, sai lilo.
"Awonka ke nan," ta ce.
"Ba tsawon mutum ake aunawa ba. Gajiyarsa."

Sai Inna ta faɗo min a rai, can Malumfashi,
yadda take kwantar da turmi in ta gama daka,
ta zauna a kansa, ta sauke numfashi.
Ban faɗa mata ba. Da wane bakin?

Ba ƙin ado take ba.
Tana sonsa ne yadda ake son kanwa a miya:
in harshe ya ji ta, an zarce.
Na taɓa kwana uku ina sassaƙa ganye a majingina,
ta shafa shi da babban yatsa, ta ce ya yi kyau,
sannan ta miƙo min samfefa.
"Baya ba shi da ido. Ƙashi gare shi."
Na ji haushi. Na ce a garinmu cewa ake
ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Ta yi dariya har da tari.
"To rufe shi, ka zauna, mu ji."
Na zauna. Ganyen nan ya soke ni a tsakanin kafaɗu.

Amma ƙullin katako ba ta taɓa ɓoye shi.
Wai nan reshe ya fita neman rana,
wai itacen ya yi shekara tamanin bai san da mu ba,
mu da muka zo jiya
ba mu da hurumin goge masa tarihi.

A hunturun ƙarshe, hannunta ya fara rawa,
wani mutum ya shigo da kujera rungume a ƙirji,
ƙafa ɗaya ta yi lakwas.
Tata ce, ta shekara talatin baya.
Madafin hagu ya sha hannu har ya yi kwari,
ya yi duhu, ya yi sulɓi kamar ƙwaryar gado.
Matarsa ce mai zama a kai, in ji shi. Ta rasu a kaka.
Na ɗauko fenti. Maureen ta riƙe min wuyan hannu.
"Ƙafar kawai. Rabin aikin na yi, yaro,
ita ta ƙarasa sauran."

Yanzu rumfar tana hannuna, hayarta tana cizo.
Ina sa sunana inda take sa nata,
a ƙarƙashin mazauni,
inda ba mai gani sai mai shara
ko jariri mai rarrafe.
Ran Talata kuma, in ruwa bai yi yawa ba,
ina zuwa tasha in tsaya.
Direbobi sun gaji da buɗe min ƙofa.