Gidan Ƙarshen Waya

Gidanmu ne na ƙarshe a layin,
nan Wadata, cikin Tawa.
Kafin wuta ta iso mana
kowa ya riga ya tsoma hannu a kwanon.

Da hantsi lafiya lau take.
Amma bari magariba ta yi,
Gomma ta jona firigon ƙanƙararta:
ya yi tari, ya yi nishi, ya yi shiru.
Ƙwan ɗaki ya koma ja
kamar idon mai gadi da asuba.
Fanka na juyi, ina ƙirga fikafikanta,
sauro ma ya daina ganin girmanta.

Ba a ɗauke ba, balle mu yi tsaki mu kwanta.
Baƙuwa ce tsaye bakin ƙofa,
ba ta shigo ba, ba ta tafi ba.

Na kira Alkasum da na'urarsa.
A bakin kwantar, ɗari biyu da ashirin.
A ɗakin Gomma, ɗari da sittin.
Na ce, sittin ɗin fa, wa ya ci?
Ya taɓa wayar da na ja bara,
siririya, taku tamanin, jikinta da ɗumi.
Ya ce, ba ɓarawo, Malam, hanya ta ci.
Raƙumin kaya ka tura ta ƙofar akurki.

Yanzu mun raba dare:
firigo har sha ɗaya, sannan fanka.
Ɗiyata na karatu da tocila
ƙarƙashin ƙwan da ke kunne.